Neman shawara: tafiyar ƙafa daga Butre zuwa Princes Town a hutun Disamba

Malamin makaranta, Aboabo, Kumasi:
Assalamu alaikum iyayena da 'yan'uwana. Tarihi nake koyarwa a ƙaramar sakandare, kuma kullum ina yi wa yara bayanin sansanonin da Turawa suka gina a bakin tekun Ghana, alhali waɗanda ke ƙasar Ahanta ban taɓa ganinsu ba. Ni da abokaina biyu mun ƙudura mu taka a ƙafa daga Butre, mu bi ta Busua, Dixcove, Akwidaa da Cape Three Points, mu ƙare a Princes Town. Kwana nawa zai ci mu? Akwai hatsari? Yaya batun abinci da salla? Mahaifiyata hankalinta bai kwanta ba, shi ya sa na kawo maganar gabanku.

Tsohon direba, Zangon Takoradi:
Wa alaikumus salam, ɗana. Hanyar nan na san ta, na yi jigilar mutane a kanta. Daga Takoradi ku hau trotro zuwa Agona Nkwanta, kimanin kilomita 25 ne. Nan mahaɗar take, duk motar Butre da Busua da Dixcove daga nan take tashi. Ku ciri kuɗinku a nan, ku sayi abin da za ku saya a nan, don gaba sai ƙauyuka.

Kwana uku ku ware. Ranar farko wasa ce: Butre zuwa Busua kilomita uku ne ta kan yashi, daga Busua kuma ku haura tudu ku gangara Dixcove cikin kamar rabin awa. Rana ta biyu ita ce aikin, don Dixcove zuwa Akwidaa ya haura kilomita goma, jar ƙasa ce da hawa da gangara. Idan da sauran ƙarfi ku ƙarasa Cape Three Points da la'asar, idan babu ku kwana Akwidaa, ba wanda ya aike ku. Rana ta uku ku bi ta Akatekyi ku shiga Princes Town. Disamba lokaci ne mai kyau. Da a Mayu ko Yuni ka ce, da na hana ka, don yankin nan yana cikin inda ruwan sama ya fi yawa a duk Ghana.

Wani matashi daga Nima:
Malam, me ya yi zafi? Ga okada, wuni ɗaya ka zagaye duka ka dawo. Kuma an sha jin labarin ƙwacen waya da jaka a wuraren da ba kowa a bakin ruwan nan. Ni dai ina bayan Mama.

Hajiya mai sarin kifi, Sekondi:
Ƙanena na Nima, maganar ƙwacen gaskiya ce, amma wanda ake yi wa shi ne mai tafiya shi kaɗai da yamma, waya a hannu yana ɗaukar hoto. Su mutum uku ne. In sun tashi bayan asuba, a lokacin mata na tafiya gona, masunta na jan koma, hanya ba ta rasa mutane. Kuma a kowane gari akwai samarin da ke raka baƙi a ba su ɗan abin hasafi. Ku tambayi mai masaukinku ya haɗa ku da wanda ya yarda da shi, musamman tsakanin Dixcove da Akwidaa, da kuma bayan Cape Three Points inda ƙananan hanyoyi ke rarrabuwa cikin gonaki.

Ni abin da ya fi tsorata ni teku ne, Malam, domin ku mutanen Kumasi ba ku san halinsa ba. Ruwa yana cikowa ya janye sau biyu a yini da dare, kuma lokacin yana matsawa gaba da kusan minti 50 kowace rana. Yashin da ka taka da hantsi, da azahar kana iya tarar da ruwa ya rufe shi har gindin duwatsu. Kada ku yi lissafi da abin da wani ya gaya muku makon jiya. Kowace safiya ku je wurin kwalekwale ku tambayi masunta yaushe ruwa zai janye, su ne suka sani. In suka ce ku bi ta sama, ku bi ta sama ko da ta fi nisa. Sannan don Allah kada zafi ya sa ku faɗa ruwa a inda ba kowa. Akwai wuraren da ruwan ke jan mutum ciki ta ƙarƙashi, sama kuwa lumui. Bakin kogi ma haka: a Butre da Akwidaa akwai gadar ƙafa, ku bi ta kanta, kada ku ce za ku ratsa ruwan don ya yi muku kama da marar zurfi.

Abinci kuwa ba za ku sha wuya ba. Dokunu da soyayyen kifi da barkono yana ko'ina, ga kwakwa ɗanya. Nama ne zan ce ku haƙura da shi har ku dawo Agona, tunda ba ku san wanda ya yanka ba, miya ma ku tambayi abin da ke cikinta kafin a zuba. Ku riƙe gari da sukari da gyaɗa a jaka. Ku kuma sani a yawancin garuruwan bakin teku masunta ba sa fita ranar Talata, in kuna son ganin shigowar kwalekwale a Dixcove kada ku sa ranar.

Malamin islamiyya, Tarkwa:
Batun salla da sauƙi. Daga Kumasi zuwa can ya wuce nisan ƙasaru, kuma ba ku da niyyar zaman kwana huɗu a wuri ɗaya, saboda haka ku yi ƙasaru. Ruwan teku yana alwala, hadisi ya tabbatar da tsarkinsa. Alƙibla tana gabas maso arewa, teku kuma yana kudu, to idan kun tsaya zai kasance ta damanku, ya ɗan koma baya. Abu ɗaya zan ƙara. A al'adar mutanen wurin, mai zuwa gaida sarki yakan riƙa kwalbar giya. Ku faɗa wa mai yi muku iso cewa ku Musulmi ne, ku sa kuɗin gaisuwa a ambulan. Da ladabi ake faɗa, ana kuma karɓa. Tafkin da ke kusa da Akatekyi akwai kadoji da mutanen garin ke girmamawa, kada ku jefe su, kada ku yi musu ba'a.

Ɗaliba a jami'ar Cape Coast:
Malam, tunda don ɗalibanka za ka je, ka ba wa kowane sansani lokacinsa. Na Butre, Batenstein, mutanen Holan ne suka gina shi a kan tudu, kuma a 1656 aka ƙulla yarjejeniyar Butre tsakaninsu da Ahanta. Na Dixcove, Metal Cross, na Ingila ne daga shekarun 1690. A Akwidaa kangon Dorothea ne ya rage, itatuwa sun cinye shi. Na Princes Town shi ne ya fi ba ni mamaki: Jamusawan Brandenburg suka kafa shi a 1683, bayan tafiyarsu kuma wani attajiri ɗan ƙasa, John Canoe, ya riƙe shi ya hana mutanen Holan shiga har 1724. Ta waɗannan gine-gine aka fitar da bayi, ka shiga ɗakunan ƙasa ka gani da idonka kafin ka sake koyar da darasin. A Busua kuma ka tambayi labarin Sarki Badu Bonsu na Biyu, wanda mutanen Holan suka kashe a 1838 suka tafi da kansa, ba a dawo da shi ba sai 2009. Dattawan garin suna ba da labarin yadda littafi ba ya bayarwa.

Tsohon direba, Zangon Takoradi:
Na manta ban faɗa ba. Ƙarfe shida rana ke faɗuwa, duhu kuma nan take yake rufewa, to ku isa masauki kafin biyar. Kada ku sa sabon takalmi, yashi da gumi za su yi muku bororo tun ranar farko. Malafa, gidan sauro, tocila, da ruwan leda mai yawa. Sabis yana ɗaukewa a wasu wurare, ku riƙa kiran Mama duk inda kuka samu. Akwai asibitin gwamnati a Dixcove, lambar gaggawa kuma 112. In kun isa Cape Three Points ku hau hasumiyar fitilar jirage, wadda aka gina a 1925, nan ne ƙarshen Ghana ta kudu.

Malamin makaranta, Aboabo, Kumasi:
Allah ya saka wa kowa da alheri. Na karanta wa Mama amsar Hajiya, ta yarda bisa sharaɗin ɗan rakiya da kuma ba shiga ruwa. Za mu tashi Laraba. Baba direba, daga Princes Town ana samun motar Agona da yamma, ko mu kwana?

Tsohon direba, Zangon Takoradi:
Ku kwana, ɗana. Motar yamma ba ta da tabbas, sai ta cika take tashi. Ku kama ta sassafe tare da 'yan kasuwa.