Saka "Dakta" gaban suna don samun kuɗin lacca

Mai tambaya, Mabera:
Assalamu alaikum. An gayyace ni in gabatar da lacca kan kasuwanci a wani taro nan Sakkwato, kuma za a biya ni, sai dai masu shirya taron sun rubuta "Dakta" gaban sunana alhali digiri na farko kaɗai gare ni. Shin in bar shi haka?

Dattijo, Runjin Sambo:
Wa alaikumus salam, ɗana. Kuɗin da za a ba ka saboda laƙabin da ba naka ba ne ha'inci ne, ko da laccar ta yi armashi. Ka tuna Salisu Buhari, wanda ya sauka daga kujerar Kakakin Majalisar Wakilai a 1999 bayan an gano bai yi karatu a Jami'ar Toronto ba.

Malama, Arkilla:
Gaskiya ne, Baba. Sakkwato kuwa kowa ya san kowa, kuma da wuya a rasa malamin Jami'ar Usmanu Danfodiyo cikin mahalarta wanda zai tambaye ka inda ka yi digirin. Ka kira su yau su gyara takardar gayyatar.