Shawarwari kan sakacin lauya wajen cinikin amsa laifi a Amurka

Mahalarta wata tattaunawa kan cinikin amsa laifi, wato yarjejeniyar da wanda ake tuhuma ke amsa laifi domin a yi masa sassauci, sun fara da alƙaluman da Kotun Ƙolin Amurka ta ambata a 2012, cewa kashi 97 cikin ɗari na waɗanda kotunan tarayya ke samu da laifi, amsawa suka yi da bakinsu.

Babbar shawararsu ita ce lauya ya isar wa wanda yake karewa duk wani tayin sassauci daga masu gabatar da ƙara kafin wa'adinsa ya wuce, a rubuce, kamar yadda shari'ar Frye a Kotun Ƙoli ta nuna muhimmancinsa. Idan kuma wanda ake tuhuma ba ɗan ƙasar ba ne, wajibi ne a faɗa masa ko amsa laifin zai jawo korarsa daga ƙasar, bisa hukuncin Padilla da Kotun Ƙoli ta yanke a 2010.

Inda aka fi daɗewa shi ne tabbatar da cewa sakacin lauya ya cutar da wanda ake tuhuma. Kafin shari'ar Lee ta 2017 a Kotun Ƙoli, wasu kotunan ɗaukaka ƙara na ganin hujja mai ƙarfi a kan wanda ake tuhuma ta rufe ƙofar ƙorafi kan sakacin lauyansa, wasu kuma ba su yarda ba. Don haka aka ce mai ƙorafi ya adana wasiƙu da takardun lokacin cinikin, domin kalaman da ya yi daga baya kaɗai ba sa gamsar da alƙalai.