Neman kalmar Hausa: me za mu kira abin da Amurka ta yi wa Teksas a 1845?

Mai Shirin Rediyo: Assalamu alaikum malamai. Gobe da hantsi za a ɗauki shirin tarihi na minti 20 kan iyakar Amurka da Meziko, kuma kalmar annexation ta gagare ni. Rubutun yana da matakai huɗu, kowanne da sunansa: annexation na Teksas a 1845, occupation lokacin yaƙin 1846 zuwa 1848, cession a yarjejeniyar 1848, sai sayen kwarin Mesilla a 1853. Na ƙarshen ba wuya, saye ne. Sauran ukun duk "mamaya" ke zuwa mini baki, in kuwa na sa ta sau uku, mai sauraro zai ɗauka abu ɗaya aka yi ta maimaitawa. A taimaka.

Malamar Tarihi: Wa alaikumus salam. Ka bar mamaya a wuri ɗaya kawai, wurin sojoji. Janar Winfield Scott ya shiga birnin Meziko a Satumban 1847, dakarunsa suka zauna har tsakiyar 1848, amma Amurka ba ta taɓa cewa birnin ya zama nata ba. Wannan ita ce mamaya: ka riƙe wuri da ƙarfi, mallakarsa tana nan a hannun mai shi. Na 1845 aikin majalisa ne. An fara gwada yarjejeniya a 1844, majalisar dattawa ta yi watsi da ita da ƙuri'a 35 a kan 16, alhali ana bukatar kashi biyu cikin uku. Sai aka bi ta ƙudurin haɗin gwiwa na majalisun biyu, wanda rinjaye kawai yake bukata. Shugaba John Tyler ya sa hannu ranar 1 ga Maris 1845, Teksas ta zama jiha ranar 29 ga Disamba. Kalmar da kake nema dole ta nuna an shigar da ƙasa cikin wata ƙasa a hukumance.

Tsohon Edita: "Haɗewa". Amurka ta haɗe Teksas cikin ƙasarta. Gajeriya ce, mai karanta labarai ba zai yi tuntuɓe da ita ba.

Malamar Tarihi: Ranka ya daɗe, matsalarta ita ce "haɗewa" kan nuna abu biyu sun gamu a matsayi ɗaya, kamar haɗewar Tanganyika da Zanzibar a 1964 da ta haifi Tanzaniya. Teksas kuwa ta daina zama jamhuriya, Amurka tana nan yadda take.

Tsohon Edita: Ai shi ya sa na sa "cikin". "Sun haɗe" daban, "ta haɗe ta cikin ƙasarta" daban. Aikatau ɗin ne ke nuna wanda ya yi da wanda aka yi wa.

Ɗalibin Sarfu: Akwai kalma a shirye, ilhaƙi. Duk wanda ya karanta sarfu ya san ta: riskar da wani abu ga wani har ya ɗauki hukuncinsa. Ma'anar ke nan daidai wa daida, yankin ya bar dokarsa ya ɗauki dokar wanda ya riske shi. Suna ne guda, ana iya cewa "ilhaƙin Teksas" ba tare da jan jimla ba.

Hausa Zalla: Kullum haka muke yi. Da an rasa kalma sai a ruga Larabci ko Turanci, kamar Hausa ba ta da baki. Ni na daɗe ina cewa haɗiyar ƙasa. Babba ya haɗiye ƙarami, ƙaramin ya ɓace a cikinsa. Ko tsohuwa a ƙauye ta ji "Amurka ta haɗiye Teksas" ta gane ba sai an yi mata sharhi ba. Wa zai gane ilhaƙi in ba wanda ya zauna gaban malami ba? A sa haɗiyar ƙasa, a kuma shigar da ita ƙamus.

Ɗalibin Sarfu: Yallaɓai, tarihi, siyasa, hukunci, daula, taswira, har ƙamus ɗin da ka ambata, daga ina suka zo? In za a kori Larabci daga wannan shirin, sunan shirin ma sai ya tafi.

Hausa Zalla: Waɗancan sun yi ɗaruruwan shekaru a bakin mutane har sun zama 'yan gida. Taka yau kake son shigo da ita, kuma don a ce an yi karatu. Abin da ke ci mini rai shi ne raina harshenmu da masu ilimin namu ke yi, na boko da na zaure duka. Swahili ta ƙirƙiri kalmominta na kimiyya da mulki ana ta yabonta, mu kuwa in mutum ya ƙirƙira sai a ce ya yi ƙauyanci.

Ɗalibin Sarfu: Swahili ɗin da take cike da Larabci fiye da Hausa? Ba raini ba ne, Allah ya sani. Malaman da suka yi waƙoƙi da ajami ba su ɗauki aro a matsayin abin kunya ba.

Baƙo Daga Nijar: Ku yi haƙuri in sa baki. Mu nan daga Faransanci ake fassarowa, kalmar tasu ma kusan ɗaya ce da ta Turanci, kuma rikicin iri ɗaya ne. Abin da nake roƙo shi ne duk abin da za ku tsayar ya zama wanda za a gane a tsallaken iyaka. Ilhaƙi ba za ta wuce ba a rediyo. Haɗiyewa za a gane, haɗewa ma haka.

Malamar Tarihi: Malam Hausa Zalla, kalmarka tana da daɗi a kunne, amma ta riga ta yanke hukunci kafin a ba da labarin. Haɗiyewa na nuna ba a tambayi wanda aka haɗiye ba. Teksas kuwa ita ta nema. Babban taronta ya amince a Yulin 1845, masu ƙuri'arta suka tabbatar a Oktoba. Har Meziko ta yi tayin amincewa da 'yancinta a wannan shekarar bisa sharaɗin kada ta shiga Amurka, Teksas ta ƙi. Wadda ba ta yarda ba ita ce Meziko, domin a wurinta Teksas lardi ne da ya yi tawaye a 1836. Takardun sulhun Velasco da shugaban Meziko Santa Anna ya sa wa hannu yana fursunan Teksas bayan yaƙin San Jacinto, gwamnatin Meziko ba ta taɓa karɓar su ba. To wa aka haɗiye? In Teksas ce, ba gaskiya ba ne. In yankin Meziko ne, ka ɗauki ɓangare ɗaya. Mai shiri yana bukatar kalmar da za ta ɗauki wanda aka yi da yarda da wanda aka yi da ƙarfi, sannan jimlar da ke biye ta faɗi wanne ne.

Hausa Zalla: Hajiya, su wa suka yi ƙuri'ar? Yawancinsu baƙi ne da suka kwararo daga Amurka tun shekarun 1820, da yawa da bayinsu, a ƙasar da ta haramta bauta a 1829. Bayin ba su yi ƙuri'a ba, ƙabilar Komanci da sauran 'yan asalin wurin ba su yi ba. Wannan yardar ba ta hana ni cewa haɗiya.

Malamar Tarihi: Gaskiya ka faɗa, kuma ya kamata ta shiga shirin. Amma a faɗe ta a fili da shekarunta, kada a ɓoye ta cikin kalma ɗaya.

Safiyo: Kuna ta fama da 1845, alhali inda mai shiri zai maƙale yana gaba. Rigimar iyakar ce ta kawo yaƙin: Teksas ta ce iyakarta kogin Rio Grande, Meziko ta ce kogin Nueces da ke arewa da shi. Shugaban Amurka Polk ya tura Janar Zachary Taylor da dakaru cikin yankin da ke tsakanin kogunan biyu, aka yi arangama a Afrilun 1846, Amurka ta shelanta yaƙi ranar 13 ga Mayu. Daga nan rubutunka zai kawo delimitation da demarcation, mu kuma duka biyun "shata iyaka" muke cewa. Ba abu ɗaya ba ne. Na farko a takarda ake yi, a rubuta cewa iyaka ta bi kogi kaza zuwa wuri kaza. Na biyu a fili ake yi: a fita da na'urar awo, a nemo inda layin ya faɗa a ƙasa, a kafa alama, wakilan ƙasashen biyu su sa hannu a kan kowane wuri.

Tsakanin biyun ne ake samun ɓaraka. Yarjejeniyar Guadalupe Hidalgo ta 2 ga Fabrairun 1848 ta jingina da taswirar da wani mawallafi mai suna Disturnell ya buga a 1847. Da masu awo suka isa, sai suka tarar taswirar ta ajiye garin El Paso fiye da mil 30 arewa da inda yake, kuma can gabas da wurinsa na haƙiƙa. In ka bi lambobin taswira, kwarin Mesilla na Meziko ne. In ka auna daga garin kansa, na Amurka ne. Amurka na son wurin don hanyar jirgin ƙasa ta kudu, shi ya sa aka ƙare da cinikin Gadsden na 1853, wato sayen Mesilla ɗin da ka ambata, dala miliyan 10 kan kusan murabba'in kilomita 77,000. Alamomin farko sun yi nisa da juna, wasu tarin duwatsu ne kawai da mutane suka kwashe, sai da aka sake awo a shekarun 1890 aka kai su 258.

Shawarata: "fayyace iyaka" na takarda, "kafa alamomin iyaka" na fili. A bar "shata iyaka" ta zama ta gaba ɗaya.

Tsohon Edita: Ni da na bar shata wa na filin. Asalinta ai jan layi ne a ƙasa, kamar yadda magini ke shata harsashi kafin a fara tono.

Safiyo: Haka ne, amma jarida ta riga ta saba da ita a duka biyun, ba za ka iya janye ta ba yanzu. Akwai kuma na kogi. Yarjejeniyar 1848 ta ce iyaka ta bi tsakiyar Rio Grande, ta gurbi mafi zurfi. Kogi kuwa ba ya zama wuri ɗaya. Yarjejeniyar 1884 ta raba: in ya matsa a hankali ta hanyar zaizaya, iyaka ta bi shi, in ya ɓalle ya sake gurbi, iyaka ta tsaya a tsohon gurbin. Rigimar Chamizal kenan, wajen eka 600 tsakanin El Paso da Juarez. Masu sulhu sun raba filin a 1911, Amurka ta ƙi hukuncin, ba a daidaita ba sai yarjejeniyar 1963, daga baya aka zuba wa kogin magudanar kankare don kada ya sake gusawa. Ka ce "zaizaya" da "sauya gurbi", sun isa.

Mai Shirin Rediyo: Allah ya saka da alheri. Saura cession.

Baƙo Daga Nijar: Sallamawa. Meziko ta sallama wa Amurka Kalifoniya da Nevada da Utah da sassan wasu jihohi, sama da murabba'in kilomita miliyan 1.3. Kada ka ce sayarwa duk da dala miliyan 15 da aka biya, domin an sa hannu ne sojojin Amurka na zaune a babban birninsu. Ka kuma bambanta ta da miƙawa. Bakassi miƙa ta aka yi a Agustan 2008, bayan hukuncin Kotun Duniya na 2002 da yarjejeniyar Greentree ta 2006. Kotun cewa ta yi yankin na Kamaru ne tun yarjejeniyar Ingila da Jamus ta 1913, don haka a doka ba sallamawa ba ce.

Mai Shirin Rediyo: Ga abin da zan karanta: haɗe Teksas cikin Amurka, mamayar soja, sallama yankuna, sayen Mesilla, fayyace iyaka, kafa alamomi. A karon farko zan ƙara da "wato ta shigar da ita cikin ƙasarta a hukumance, ba da yardar Meziko ba". Maganar waɗanda ba su yi ƙuri'a ba ita ma za ta shiga.

Ɗalibin Sarfu: Har yanzu ba ku da suna guda. Ranar da za a rubuta kanun labari ko tambayar jarrabawa, za a dawo neman sa.

Hausa Zalla: A rediyo na bar muku, tunda lokaci ya ƙure. A rubutuna haɗiyar ƙasa zan ci gaba da sawa. Kuma Malam Safiyo, "fayyace" ba ta gamsar da ni ba, ana fayyace magana ne, ba a fayyace fili. Me zai hana a ce "yanke iyaka" na takarda?

Safiyo: Yanke za ta sa a zaci an raba fili gida biyu. A bar shi ya ɗauki shirinsa da fayyace, mu ci gaba da wannan bayan ya gama.