Bin Katangar Hadrian da kare: da me zan yi hattara?

Matafiyi:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina shirin bin hanyar ƙafa ta Katangar Hadrian da ke arewacin Ingila, katangar da Rumawa suka fara ginawa a shekara ta 122 miladiyya, kuma ina so in tafi da karena, domin ya saba da doguwar tafiya. Shin ana barin kare ya shiga irin waɗannan wurare?

Dattijon Hanya:
Wa alaikumus salam Malam. Ana bin hanyar da kare, amma a tsawonta na kimanin kilomita 135 tana yawan ratsa makiyayar tumaki da shanu, kuma a nan ne hatsarin yake. A filayen da aka buɗe wa jama'a, doka ta wajabta ɗaure kare da igiyar da ba ta wuce mita 2 ba daga 1 ga Maris zuwa 31 ga Yuli, saboda tsuntsayen da ke sheƙa a ƙasa, haka kuma duk lokacin da ake kusa da dabbobi. Sai dai idan shanu masu maruƙa suka taso muku, ka saki igiyar nan take, domin karen suke nufi, kuma ya fi ka gudu.

Mai Son Tarihi:
Malam, ka bambance tsakanin hanya da kufai. Gidajen adana kayan tarihi galibi karen da ke taimaka wa masu naƙasa, kamar karen jagoran makafi, kawai suke bari ya shiga, kuma haka dokar take a kewayen duwatsun Stonehenge, wani tsohon wurin tarihi da ke kudancin Ingila, don haka ka bincika ƙa'idar kowane wuri kafin ka tashi. Roƙona shi ne kada ka bar shi ya hau katangar, ko ya yi tono a gindinta, ko ya yi fitsari a jikinta, domin gishirin fitsari yana cin dutse sannu a hankali.

Uwar Gida:
Ɗan'uwa, ka kula da lafiyarsa ma. Kare da haki yake rage zafin jikinsa, saboda haka idan ka ga harshensa ya zazzago yana ta dalala, ku nemi inuwa ka ba shi ruwa kaɗan-kaɗan. Kowane dare ka duba tafin ƙafarsa da bayan kunnensa, inda kaska take maƙalewa. Akwai kuma matakalan tsallake shinge masu yawa, waɗanda wani lokaci sai ka ɗaga shi da hannu.

Matafiyi:
Na gode ƙwarai. Karen nawa babba ne, don haka zan fara koya masa hawa matakala tun yanzu.