Masu fama da ciwon baya, kowa ya faɗi yadda nasa yake

Ɗan Adaidaita:
Salamu alaikum jama'a. Dan Allah waɗanda suka taɓa ciwon ƙasan baya ku faɗa min yadda kuka yi. Nawa daga tsatso ya fara, in na wuni ina tuƙi da yamma sai na dafa wani abu nake iya miƙewa, yanzu kuma ya fara saukowa ta ɗuwawun hagu zuwa bayan cinya yana ja kamar an jona min lantarki. Duk wanda na faɗa wa sai ya ce basir ne, na sha jiƙe-jiƙe har na gaji ba wani canji.

Tela:
Wa alaikumus salam ɗan'uwa, wallahi kamar nawa kake bayani. Ni ma basir aka yi ta ce min, sai da na je asibitin ƙashi na Dala likita ya kwantar da ni ya ɗaga ƙafata a miƙe, nan take ciwon ya harba har ƙauri. Ya ce tsakanin ƙasusuwan baya akwai wani faifai mai laushi, shi ne ya ɗan turo waje yana danne babbar jijiyar da ta sauka ƙafa, kuma yawanci a can ƙasa wajen ƙasusuwan tsatso na huɗu da na biyar, waɗanda suke kira L4 da L5, abin yake faruwa saboda nan ne ke ɗaukar nauyin jiki. Ni na zata sai tiyata amma aka tura ni wajen masu fiziyo, suka koya min motsa jiki suka ce kar in daɗe a kan keken ɗinki ban tashi na ɗan taka ba. A hankali ya lafa. Kai ma ka riƙa sauka kana miƙe jiki tsakanin lodi, ka sa ɗan matashi a bayanka, walat ɗin nan ma ka cire shi daga aljihun baya.

Uwar Biyu:
Mu mata namu ba a ma magana, ga goyo ga wanki a sunkuye ga shara da guntuwar tsintsiya. Bayan haihuwata ta biyu na kwanta ina cewa hutu zai warkar da shi, kullum sai ƙara ƙagewa yake. Da na fara ɗan zagaye da safe, ina gasa wajen da ruwan ɗumi, na ɗora bahon wanki a kan benci, na samu sauƙi sosai alhamdulillah. Kuma in za ki ɗauki jarka ki durƙusa da gwiwa ki jawo ta jikinki, kar ki sunkuya da baya.

Baba Manomi:
Yaro abu ɗaya zan roƙe ka, ka kiyayi haɗin kemis. Diclofenac da ibuprofen nake sha kafin in tafi gona, wani lokaci ciki ba komai, ƙarshe olsa ta kwantar da ni har bayan gidana ya koma baƙi. Likita ya ce ƙoda ma suna taɓawa in aka daɗe ana sha.

Malamin Firamare:
Allah ƙara lafiya Baba. Ni na ƙanena zan faɗa don ya fi ci min rai. Ciwon baya da ba ya barinsa barci, ga zazzaɓin yamma ga gumin dare ga rama, an yi ƙaho an yi turare an ce sammu ne, har wani ƙullutu ya fito masa a tsakiyar baya ƙafafu suka fara rasa ƙarfi. Ashe tarin fuka ne ya shiga ƙashin bayan, alhali ko tari ba ya yi. Maganin kyauta ne a asibitin gwamnati, ana shansa kusan shekara, yanzu yana takawa amma bayan bai koma daidai ba.

Anti Nas:
Sannunku duka. Yawancin ciwon baya tsoka ce ko jijiya, yana lafawa cikin sati 4 zuwa 6 in ana motsi, ba kowa ke buƙatar hoto ko MRI (hoton da ke nuna jijiyoyi da faifan baya) ba. Amma in fitsari ya riƙe ko yana zuba ba ka sani ba, ko matsematsi ya dinga yi maka kamar ya mutu, ko ƙafa ta rasa ƙarfi, a ranar za ka tafi asibiti ko da tsakar dare ne, don jinkiri na iya jawo shanyewa. Haka in da zazzaɓi ko rama ko faɗuwa aka yi. In kuma a kwiɓi yake da zafin fitsari, a duba ƙoda.

Ɗan Adaidaita:
Na gode ƙwarai, Allah saka da alheri. Anti ni fitsari lafiya lau, amma babban yatsan ƙafar yana min dindiris tun satin da ya wuce.

Anti Nas:
To ƙanena wannan kar ka bar shi, ka je gobe da safe a gwada ƙarfin ƙafar, kuma ka faɗa musu duk abin da ka sha har da jiƙon.