Neman kalma: me za mu kira "celebrity" da Hausa?

Ɗan Fagge: Assalamu alaikum. Ranar Asabar zan gabatar da shirin rediyo kan tsofaffin mujallun mako-mako, irin su Life ta Amurka da ta riƙa fitowa duk mako daga 1936 zuwa 1972, da People wadda ta fara a 1974. Kalmar "celebrity" ce ta hana ni sakat, ga shi gobe da azahar zan miƙa rubutun. A taimaka.

Malamar Hausa: Shahararre, jam'i shahararru. Ko fitattu.

Ɗan Fagge: Malama, ai malamin tafsiri ma shahararre ne. Su kuwa na bangon mujallun nan, labarin aurensu da rabuwarsu da suturarsu ake saye. Wata da na samo wurin masu tsofaffin littattafai a Sabon Gari, takardar har ta yi ja, shafi bayan shafi duk hoton rigar bikin wata gimbiya ne.

'Yar Gwale: To taurari. A nan Kano aka yi mujallar Tauraruwa tun 1998, a cikinta sunan Kannywood ya fara fitowa. Jarumai kuma na 'yan fim ne kawai.

Baba na Kurmi: 'Yata, tauraro aro ne da aka sa wa hula. Turawa da Larabawa ke kiran mutum haka, shi ya sa mujallar Alƙahira ta 1932 ta ci sunan Al-Kawakib, wato taurari. Mu muna da "sha-kallo". Wanda aikinsa a kalle shi, ga sunansa nan tun kaka da kakanni.

Malamar Hausa: Baba, sha-kallo kirari ne. Yaya jam'insa?

Baba na Kurmi: Su sha-kallo. Shahara ɗin taki ma Larabci ce.

'Yar Gwale: In haka ne sai mu yar da mujalla da jarida da labari, Baba, duk daga can suke.

Wani Bazazzagi: Ku Kanawa komai sai kun ce naku ne. Tun 1939 aka fara buga jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo a Zariya, can ya kamata a duba.

Baba na Kurmi: Zariya ta buga, amma Hausar wa aka ɗauka ta zama ma'auni? Takaicina shi ne yaranmu sun koma cewa "seleb" alhali harshen bai gaza ba.

Ɗan Fagge: Don Allah a dawo kan magana. Zan ce "taurari" ga mawaƙa da 'yan fim, "fitattun mutane" ga sauran. Sha-kallo zan sa shi a taken shirin, don ya dace da masu bangon.

Baba na Kurmi: Take kaɗai? To, ba haka na so ba. Amma ka faɗe shi da kyau, kar ka haɗiye wasalin "sha".