Nas mai kwas ɗin shekara ɗaya: a ba ta katin ƙungiya ko a'a?

Maganar da ake gardama a kai: "Ƙungiyar nas-nas ta masu cikakkiyar rajista ce. Mai kwas ɗin shekara ɗaya ta nemi tata."

Malam Sabi'u: Ina goyon baya. A Amurka, LPN, wato nas mai ƙaramin lasisi, karatun kimanin shekara ɗaya take yi, ta zauna jarrabawar samun lasisi ta NCLEX-PN. RN kuwa, wato nas mai cikakkiyar rajista, shekara 2 ko 4, jarrabawarta daban. Doka ma ta raba aikin: RN ce ke yi wa majiyyaci duban farko ta tsara jinyarsa, LPN tana bin tsarin. Jihohi da dama sun hana LPN fara ƙarin jini ko tura wasu magunguna kai tsaye cikin jijiya. Wanda alhakin ke wuyansa shi ya kamata ya jefa ƙuri'a kan ƙa'idojin aiki. Shi ya sa ANA, ƙungiyar nas-nas ta Amurka, ta RN ce.

Hajiya Rabi: Malam, ka haɗa lasisi da kati. Iyakar aiki hukumar jiha ke shata ta, katin ƙungiya ba ya ƙara mata ko taku ɗaya. Abin da ƙungiya ke yi shi ne faɗa kan albashi, aikin dare, da yawan majiyyatan da ake jibga wa mutum ɗaya. A gidajen kula da tsofaffi LPN ce ke rabon magani, wankin gyambon kwanciya, da canza robar fitsari. Sau da yawa ita ke fara lura tsoho ya rikice cikin dare ko fitsarinsa ya ragu. A tsara yawan ma'aikatan wurin ba da ita ba, ai aski ne a bayan mai kai.

Usman: Hajiya, karatu fa yana da tasiri. Binciken Linda Aiken na 2003 a asibitoci 168 na jihar Fensilbaniya ya nuna duk ƙarin kashi 10 cikin 100 na nas-nas masu digiri yana tafiya da raguwar mutuwa bayan tiyata da kusan kashi 5.

Hajiya Rabi: Ƙanena, binciken nan RN da RN ya auna, mai digiri da marar digiri. In da shi za a yi yanka, RN mai shekara 2 za a fara kora. An kuwa gwada. A 1965 ANA ta ce digiri ne matakin shiga sana'ar. Jihar Dakota ta Arewa ta tilasta haka a 1987, ta soke a 2003.

Malama Zainab: A Ingila ƙungiyar nas-nas ta RCN tana karɓar mataimakan jinya, har da sabon matakin shekara 2 da aka fara yi wa rajista a 2019. Abin da ke damuna shi ne musanya: asibiti ya bar gurbin nas mai albashin mataki na 5 ya cike shi da mataimakiyar jinya mai mataki na 4, mai ƙarancin albashi, aikin kuma bai canza ba. Ranar da ƙungiya za ta yi yaƙi da wannan, wani ɓangare na membobinta ne ke cin gajiyarsa.

Malam Sabi'u: Kin faɗi tsorona, Malama.

Malama Zainab: Maganinsa a tsarin mulkin ƙungiya yake. A shigo da su da kuɗin wata mai rangwame da kujera a majalisar gudanarwa. Albashi da yanayin aiki, kowa ya yi ƙuri'a. Iyakar aiki kuwa, kowane mataki da kwamitinsa. Idan suna waje ma za a yi musanyar, sai dai babu mai kawo wa ƙungiya labarin sashen da aka sa LPN ta yi duban farko ba RN a kusa.